Faɗuwar Malam Narahara

Shekara arba'in da ɗaya na yi a kan kujerar tsaron gidan wankan unguwarmu, doguwar kujerar nan da ke tsakanin ƙofar maza da ta mata, inda mai zama yake hango ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya. Ranar da uwar mijina ta ɗora ni a kai, ina amarya, ta ce da ni kujerar tana da ido amma ba ta da baki. Na ce na ji. Idon dai na riƙe shi da amana. Babu magidancin da ke zaune kusa da tashar jiragen ruwa ta Wakamatsu da ban san inda tumbinsa ya tsaya ba, har da masu yi wa mutane ɗagawa a ofis da rana. Maganar bakin kuwa, ita ce za ku ji.

Narahara Tamotsu ya fara zuwa mana wanka yana ɗan dakon kwal, a shekarun nan na bayan yaƙi da kowa ya rame. Shi ramarsa har ta fi ta kowa. Da rana ya sungumi kwal zuwa cikin jirgi, da yamma ya tafi koyon kokawar judo wurin wani tsoho mai suna Hirotsu, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Wata rana wani ma'aikacin jirgi ya yar da mujalla mai hotunan Turawa masu jiki kamar an hura su. Tamotsu ya tsinta, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Ya samo ƙafafun wata tsohuwar kurar kwal ya zura musu sandar ƙarfe, ya zuba siminti a bokitai ya yi duwatsun ɗagawa. Duk abin da ya samu a dako a ƙwai da awara yake ƙarewa.

A idona aka gina jikin nan, kamar yadda ake kallon maƙwabci yana ɗora bene. Kafaɗa ce ta fara fitowa, sai ƙirji, daga baya gadon baya ya buɗe har sai ya ɗan karkace kafin ya shige ƙofar ɗakin ruwa. Matan ɗaya ɓangaren, da katanga ta tsare su, sukan matso gindin kujerata suna tambaya a hankali wai da gaske ne abin da ake faɗa. Nakan ce ni ban ga komai ba, sannan in gwada musu faɗin da hannu biyu. Marigayi mijina, wanda damtsensa bai fi muciya kauri ba, ya yi wata guda yana ɗaga itacen hura tukunyar wanka a ɓoye. Bayansa ya riƙe, ya haƙura.

Yana da shekara ashirin da shida ya shiga gasar ƙirar jiki a Fukuoka. Ya hau dandamali daga shi sai ɗan kamfai, jiki sharkaf da mai, ya zo na biyu, jarida ta buga hotonsa. Unguwa ta yi murna, ban da tsoho Hirotsu. A zauren judo kowane ɗalibi yana da ɗan allon katako mai sunansa rataye a bango, in kuwa malami ya sauke allonka, to babu kai babu shi. Hirotsu ya sauke na Tamotsu, ya naɗe shi a cikin jaridar nan mai hoton, ya aika masa gida. Ya ce shi ɗan kokawa ya rena, ba 'yar tsanar tagar kanti ba. Ran nan Tamotsu ya zauna cikin ruwan zafi har fatar yatsunsa ta yamutse. Da zai fita ya ce da mijina, in shi ya zama malami, ko ɗalibinsa ya yi rawa tsirara a kasuwa ba zai sauke masa allo ba.

Ya kuwa zama malami. Ya karɓi wani tsohon siton shinkafa a bayan kasuwa, ya shimfiɗa tabarmi a rabi, ya jera ƙarafa a rabi, ya auri Fusae, 'yar mai ɗinka tabarmin. Daga nan ba wanda ya ƙara ce masa Tamotsu, ya zama Malam Narahara.

Duk wanda ya shiga hannunsa sai ya yi wata uku bai taɓa rigar kowa ba. Faɗuwa kawai za a koya masa: ka ja haɓa zuwa ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka daki tabarma da hannu daidai lokacin da jikinka zai isa, don dukan ya shanye ƙarfin faɗuwar. In ka bi ta bayan kasuwa da la'asar sai ka ji kamar mata ɗari suna bugun katifa. Iyaye su yi ta ƙorafi, sun kawo ɗansu ya koyi ka da mutane an mayar da shi buhu. Malam ya ce wanda bai iya faɗuwa ba, ba a ba shi amanar ka da wani.

Akwai kuma wata magana tasu ta 'yan kokawa. Mu a wurinmu rama alheri shi ne ka kai wa wanda ya taimake ka kwandon lemo. Su a wurinsu ɗalibi bai rama alherin malaminsa ba sai ranar da ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, da gaske, malamin yana iyakar ƙoƙarinsa. Ranar ce malami yake sanin bai yi aikin banza ba. Malam Narahara bai samu ya rama wa Hirotsu ba, tsohon ya mutu ba su shirya ba, sai ya ɗora ransa a kan nasa ɗaliban. Shi da Fusae ba su haihu ba, don haka ya faɗa a gaban kowa cewa zauren na wanda ya ka da shi ne.

Wanda aka sa wa ido shi ne Iwakiri Noboru, ɗan wata bazawara mai gyaran kifi a kasuwa. Yana da shekara ashirin da biyu ya riga ya kai gwiwar Malam ƙasa sau biyu. Saura ƙiris. Sai ga wasu masu kwat daga Osaka suka ɗauke shi zuwa kokawar talabijin, irin wadda ake shirya wanda zai ci tun a ɗakin sa kaya. Suka rufe masa fuska da jan ƙyalle, suka raɗa masa Ƙaguwar Ƙarfe. Aikinsa ya yi ta cika baki na minti goma, sannan a ka da shi. A talabijin ɗin gidan wanka muka kalla, maza suna tsaye da tawul a ƙugu ana ta dariya, Malam yana cikinsu. Bai gama ɓalla maɓallin rigarsa ba ya fita. Washegari ya sauke allon Iwakiri. Fusae ta tuna masa zancen rawa a kasuwa, wanda ni ce na taɓa ba ta labarinsa, ya ce tsiraici daban ƙarya daban, shi jikin da ya nuna nasa ne. Ya yi wata guda bai yi mata magana ba.

Shekara goma sha tara suka wuce. Ɗalibai sun zo sun tafi, wasu sun zama 'yan sanda, wasu malaman makaranta, babu wanda ya ka da shi. Yana da sittin da uku amma in ya tsaya a kan ma'aunin nauyinmu har yanzu samari sukan daina hira.

Malam mutum ne mai son ruwan fari. Ƙarfe uku na rana muke rataya labulen ƙofa, uku da minti ɗaya yana ciki, kafin kowa ya gurɓata ruwan. Wata Talata cikin kaka shi kaɗai ne a ɓangaren maza, ina sama ina ɓare lemo. Ya fito daga ɗakin ruwa, ya taka inda sabulu ya zuba, ya zame. Mutane da yawa sun zame a wurin nan. Ɗalibansa ma sun sha zamewa, sai ka ji tas, sun daki daɓe da hannu sun miƙe suna dariya. Shi ban ji tas ba. Tim na ji, kamar an jefo buhun shinkafa daga mota. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koyar da faɗuwa ya faɗi a kan hannunsa na hagu, hannun yana ƙarƙashinsa kamar na wani ne aka manta a wurin.

Na sauko ta ɓangaren maza, abin da ban taɓa yi ba alhali da mutum a ciki. Na jefa masa tawul. Sai da na matso na ga abin da ya kamata in gani tuntuni, ni mai taƙama da ido: damtsen hagu ya zube, fatar tana reto. Ashe shi ya sa kwanan nan kullum tawul ɗinsa a wannan kafaɗar yake rataye.

Ya ja jiki ya jingina da akwatin ajiye tufafi, ya ɗan jima yana numfashi.

"Uwargida," ya ce, "kujerar taki har yanzu ba ta da baki?"

Na ce ba ta da shi.

Ya gaya mini wata huɗu ke nan hannun yana ƙin jin magana. Likita ya ce ciwo ne mai cinye tsoka, daga wannan hannu zai haura ɗayan, ya sauka ƙafafu, kuma ba shi da magani. Fusae kaɗai ta sani. Abin da yake so shi ne ya kai bikin buɗe zaure na sabuwar shekara. Akwai wani ɗalibinsa, Matoba ɗan sanda, da ya ɗan matso kusa, yana matsa masa horo ko zai iya kafin ranar.

"In suka ji, ba mai ƙara kama ni da gaske," in ji shi. "Wanda ya ka da majinyaci bai ka da kowa ba."

Kwana goma sha ɗaya na riƙe. Wanda ya san ni zai ce na yi ƙoƙari. Ran na goma sha biyu Shizu mai awara ta tsaya a gindin kujerata tana taje kai tana kukan ciniki. Ta ce ko gidan Malam da suke karɓar yanka shida kullum, yanzu biyu Fusae take ɗauka, ko sun koma wurin wani ne? Ni kuwa magana in ta zo mini daidai, ji nake kamar atishawa. Na ce ai mai hannu ɗaya ba ya cin rabon mai hannu biyu. Shizu ta dakata da tajewa. Na so in mayar da abin wasa, amma magana zarar bunu ce. Ta yi ta jan ta har ta fito duka. Na ce kada ta gaya wa kowa, ta ce haba, ita wa take gani? Gida tamanin Shizu take zagawa kowace safiya.

Da mugunta aka yi masa da ya fi sauƙi. Tausayi aka yi masa. Kwandunan lemo suka cika ƙofar gida. Mai kantin magani ya kai wata saiwa da ya ce daga Koriya take. Iyaye mata suka gargaɗi 'ya'yansu kada wanda ya ja hannun rigar Malam na hagu. Da aka zo horon manya, Matoba ya kama rigarsa kamar mai ɗaukar ƙwai a tire, Malam ya ɗan taɓa ƙafarsa sai ya zube da kansa. Malam ya tsaya ya dube shi, ya dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce a tashi, horon yau ya ƙare. Ranar bai zo wanka ba, bai kuma ƙara zuwa ba.

Na haɗu da Fusae a wurin mai kayan miya. Na rusuna, ta rusuna fiye da ni, ta ce ta gode da irin kulawar da nake yi wa maigidanta. Da marina ta yi da na fi samun barci.

Maganar ba ta tsaya a Wakamatsu ba. Ƙanwar Shizu tana aure a Amagasaki, inda Iwakiri yake tuƙin motar kaya tun da gwiwarsa ta lalace aka karɓe jan ƙyallen aka ba wani. Cikin watan ƙarshe na shekara sai ga wani mai ƙiba, sanƙo ya fara cin gabansa, ya ɗaga labulenmu. Ban gane Iwakiri ne ba sai da ya tuɓe na ga tabon ƙugiyar kifi a kafaɗarsa. Ya matso gindin kujera.

"Inna, da gaske ne abin da nake ji?"

Na ce kujerar nan ba ta da baki.

"Har Amagasaki muka ji muryarta," in ji shi.

To me ya rage a ɓoye? Na gaya masa duka, har da abin da Malam ya ce game da mai ka da majinyaci.

Wanda aka sauke wa allo ba ya taka tabarma, don haka bai shiga zauren ba. Da safe ya share ƙofar, da la'asar ya jera takalman yara ya juya bakinsu waje. Kwana tara yana haka, Malam yana wuce shi kamar turken lantarki. Ran na goma Malam ya tsaya, ya fuskanci bango, ya ce da bangon, in ƙaguwa tana da sauran rigar judo, ta zo da ita ranar biki.

Da yammar nan Iwakiri ya zo wanka amma bai shiga ruwa ba. Ya zauna a kan benci da kayansa a jiki. Ya yi mini bayani kamar ni ce ɗalibar: shi da dama yake ka da mutum, wanda kuwa aka kayar da dama a gefen hagu yake sauka, da hannun hagu yake dukan tabarma. Hannun da babu. Fusae kuma ta tare shi a lungu ta gaya masa likita ya ce wuyan ma ya fara saki. In ya yi da gaske, ƙila Malam ba zai tashi ba. In ya sassauta, Malam zai sani, tunda ya san na Matoba. Ya tambaye ni ya zai yi. Tun da aka haife ni ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar.

Ran goma sha ɗaya ga watan farko, da hantsi, aka yi bikin. Aka farfasa busassun dunƙulen shinkafar sabuwar shekara da guduma, don ba a sa musu wuƙa, aka zuba a kunun jan wake. Ba wanda ya gayyace ni. Na ɗauki ludayina na shige cikin mata masu dafawa, ai ba a korar mai ludayi. Murhun yana wani ɗan ɗaki a bayan zauren, kuma ɗakin ya fi zauren gangarowa, in ka tsuguna a bakin ƙofarsa idonka daidai tabarma yake. Sauran jama'a, kusan mutum ɗari, suna ta gaba a durƙushe.

Yara suka yi nasu, manya suka yi nasu. Sannan Malam ya fito tsakiya, Iwakiri ya fito, rigarsa ta yi masa kaɗan har tumbi yana leƙe. Suka rusuna. Malam ya sa hannun dama ya ɗago na hagu, ya ɗora shi a kan hannun rigar Iwakiri, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kama wuyan rigar da daman.

Ba su yi taku uku ba Malam ya share masa ƙafar nan mai ciwo, ba tausayi ko kaɗan. Iwakiri ya faɗi, kuma faɗuwar gaske ce, na ga fuskarsa.

"Tashi, Ƙaguwa," in ji Malam. "Nan ba a tafa wa mai faɗuwa."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta. Suka sake kamawa. Hannun daman nan har ranar ba abin wasa ba ne, sai da ya yi ta jan Iwakiri daga wannan kusurwa zuwa waccan, gumi yana ɗiga daga sanƙon. Malam kuwa idonsa yana ƙyalli, rabon da in ga haka tun kafin kaka. Can Iwakiri ya juya ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗora shi a ƙugu. Ƙafafun Malam suka tashi sama har suka kusa taɓa fitila. Sai tas! Gilashin taga ya amsa.

Ga abin da na gani daga ƙasa, wanda na gaba ba su gani ba. Suna cikin iska hannun Iwakiri ya bar wuyan riga ya zame bayan ƙeyar Malam ya tallabe ta. Ya bi shi ƙasa a kan gwiwarsa mai ciwo, nauyin ya fara sauka a cinyarsa kafin ya isa tabarma. Ƙarar kuwa diddigen Iwakiri ne, ya buga shi daidai lokacin, ko ƙiftawar ido bai saɓa ba. Sana'ar da ya yi shekaru yana yi ke nan. Hannun hagun Malam daga baya ya sauko, a hankali, kamar ganye.

Matoba ya fashe da kuka, yana cewa hannun Malam yana nan, kowa ya ji dukan. Mata suna share ido da bakin riga. Malam ya ɗan daɗe a kwance yana kallon rufi. Sannan ya tashi ya gyara ɗamararsa, ya rusuna wa Iwakiri, ya juya ya ce da jama'a daga yau zauren na Iwakiri Noboru ne. Aka raba kunu, ya sha kwano guda.

Da azahar kowa ya watse. Mata ma suka tafi, na tsaya ina kankare tukunyar da ta riga ta fita. Fusae tana gefena tana goge kwanuka. Ba ta kore ni ba, ina jin ba ta son ta tsaya ita kaɗai ne. A cikin zauren saura su biyu.

"Noboru," in ji Malam. Shekara goma sha tara bai kira shi da sunan ba. "Kowa ya tafi. Yanzu ka yi na gaske."

Iwakiri ya ce ai wanda ya yi ke nan.

"Ni na koya maka faɗuwa. Kana jin ban san ƙarar hannu da ta diddige ba? An kwantar da ni kamar jariri a gaban ɗalibaina, na tashi na rusuna na gode. Na taya ka wasanka. Saura kai ka taya ni nawa."

Iwakiri ya durƙusa. Ya ce wuyan Malam ba zai ɗauka ba.

"Wuyana ne."

"Hannuna ne, Malam."

Ya kai goshinsa tabarma ya bar shi a nan. Malam yana tsaye a kansa, hannun dama a miƙe daidai inda wuyan riga zai kasance in mutum ya tashi. Fusae ta kama tsintsiyar hannuna, ban san ko ta san ta kama ba, sai da shatin yatsunta ya kwana biyu. Iwakiri bai ɗago ba. Can Malam ya sauke hannun.

"Zauren naka ne, na riga na faɗa," ya ce. "Alherin kuma ka riƙe abinka."

Kafin furannin bazara su zube hannun dama ya bi na hagu. Da damina ta shigo ƙafafu suka tafi. Aka aro gado mai ƙarfe aka sa a ɗakin gaba, da kujera a bakin taga inda ake jiyo bugun tabarma daga zauren. Fusae 'yar ƙarama ce, ba za ta iya ɗaga shi ba, shi kuma ya ƙi a kawo baƙo. Iwakiri ne yake zuwa sau biyu a rana, ya ɗauke shi daga gado zuwa kujera, ya dawo ya mayar da shi. Duk sanda ya sunkuya zai ɗauke shi, Malam sai ya juya fuska bango. Wata bakwai tun ranar biki bai ce masa uffan ba. Iwakiri kuwa kullum sai ya ba shi labarin zauren, wa ya ci wa, wane yaro ne har yanzu yake faɗuwa da gwiwar hannu, kamar ana amsa masa.

Wata rana Fusae ta zo gindin kujerata. Ta ce maigidanta ya ce ruwan famfon gida ba ya shiga ƙashi. In zan iya, in riƙa kawo bokiti biyu na ruwan fari, amma bakin in bar shi a gida. Na bar wa matar ɗana kujera, kullum ƙarfe uku na rana in tura bokitan a 'yar kura, mu goge masa jiki ni da Fusae. Bai taɓa ɗaga mini zancen Shizu ba. Na taɓa buɗe baki zan roƙi gafara, ya ce ruwan yana hucewa, Uwargida.

Cikin watan takwas ne, zafi kamar a tukunya, gyare suna ta kuka a bishiyar bayan gida. Mun gama goge shi ke nan Iwakiri ya shigo ya ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, ɗaya a bayan wuya. Tsakanin gadon da kujerar taku huɗu ne. Ya yi biyu sai Malam ya motsa baki. Muryar ta riga ta shige, sai da Iwakiri ya sunkuyar da kunne, amma ɗakin shiru ne, mu ma mun ji.

"Daga nan ma ya isa, Noboru. Sake ni in faɗi."

Iwakiri ya tsaya cak da shi a hannu. Ina riƙe da bokiti na kasa ajiyewa. Fusae ta juya ta fuskanci ƙofa. Malam yana kallonsa, ido cikin ido, karo na farko tun ranar biki. Sun daɗe a haka, ruwa yana gangarowa ta gefen hancin Iwakiri yana ɗiga a rigar Malam.

Sannan ya ƙarasa taku biyun da suka rage. Ya zaunar da shi a kujera a hankali, ya gyara masa matashi a bayan wuya, ya ɗora masa hannuwan a kan cinya. Malam ya rufe ido.

Bai ƙara roƙon kowa komai ba. Ran Asabar ta sama ya rasu, da hantsi, ana tsakiyar horon yara.